Yadda ake zaɓen busasshiyar safar hannu in za ka yi nutso a ruwan sanyi

Wani ƙanina ne da ya samu karatu a Nowe ya turo min saƙo cikin dare, wai Yaya na shiga kulob ɗin masu nutso na makarantarmu sun ce in nemo busasshiyar safar hannu, wacce zan saya? Na fara ba shi amsa da bos not, wato saƙon murya, sai naga abin ya fi ƙarfin minti biyu, shine nace bari kawai in zauna in rubuta, in ya so duk wani ɗan uwa da ya koyi nutso anan Jidda ko Yanbu ko can Bur Sudan kuma tafiya ta kama shi zuwa ƙasar sanyi sai ya amfana.

Mu fa Bahar Maliya ta shagwaɓa mu. Ruwan Obhur na nan Jidda ko a tsakiyar hunturu yana kai digiri 25 ko kusa da haka, da rani kuwa ya haura 30, zakaga mutum ya faɗa ruwa da gajeren wando da 'yar riga ya yi awa guda ya fito yana neman ruwan sanyi ya sha. Safar hannu in ma mun sa to don kaifin ƙarfen tsohon jirgi ne ko igiya. Toh can ba haka bane. Silfra ta ƙasar Aisilan, wannan tsagar dutsen da kowa ke ɗora hotonta, ruwanta digiri 2 zuwa 4 ne duk shekara, kuma ba za su barka ka shiga da tukunyar iska ba sai ka nuna takardar koyon busasshiyar riga, wato dirai sut, ko shaidar kayi nutso 10 da ita cikin shekara biyu da suka wuce. Scapa Flow ta Sikotilan inda jiragen yaƙin Jamus suka nutse a 1919 ita ma ko da rani ruwan bai cika wuce digiri goma sha kaɗan ba. Ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki sama da ninki 20 akan yadda iska ke yi, kuma in jiki ya ji sanyi jini yake janyewa daga yatsu ya tattara shi ciki, don haka hannu ne ke fara mutuwa. Hannun nan kuwa dashi zaka danna maɓallin iska, dashi zaka buɗe kilif, wato maƙalin ƙarfe na rataya kaya, dashi zaka yi wa abokin nutsonka alama.

Kafin komai ka riƙe wannan, don akanshi duk sauran bayanin ya hau: busasshiyar safa ita kanta bata da ɗumi ko kaɗan, roba ce kawai mai hana ruwa shiga. Ɗumin yana cikin safar ulun da ka sa a ciki da kuma iskar da ta maƙale a cikin ulun. Duk abin da ya matse iskar nan ko ya jiƙa ulun nan ya cuce ka, ko nawa ka kashe.

Matakin farko ba a shago yake ba, a hannun rigarka yake. Ɗauko dirai sut ɗinka ka duba bakin hannun, robar nan da ke kama wuyan hannu wadda muke cewa sil. Iri uku ce. Akwai ta lateks, baƙa mai santsi, manne da gam. Akwai ta silikon, mai laushi sosai, ita gam baya kama ta, don haka in kaga silikon a rigarka to tabbas akwai zobe, wato abin da ke haɗa safa da riga, a hannun rigar tun daga kamfani, abin da ya rage shine ka gano zoben wane kamfani ne ka nemi tsarin safar da ke hawa kansa. Sai ta niyofirin, irin yadin rigar nutsonmu ta nan, ita ce mai wahalar sha'ani don yawancin zobban basa zama akanta, sai dai a kai wa mai gyara ya canza. In kuma baka da riga haya zaka ɗauka a can, to dakata kar ka sayi zobe tukuna, rubuta musu ka tambayi me ke hannun rigunansu. Wurare da yawa na 'yan yawon buɗe ido jiƙaƙƙiyar safa, wato wadda ruwa ke shiga cikinta, mai kauri mai yatsu uku suke bayarwa, kuma don nutson minti talatin ko arba'in tana fidda mutum kunya. Ni a ganina in ruwan ya haura digiri 10 kuma nutson gajere ne, jiƙaƙƙiya mai kaurin milimita 5 ta isa, ba sai ka ɗora wa kanka hidima ba. In ya yi ƙasa da haka ko zaka dinga shiga sau biyu a rana duk sati kamar ƙanin nan nawa, anan ne busasshiya take biyan kuɗinta.

Na biyu, auna hannunka. Samo tef ɗin tela, ka zagaya tafin hannu ta kan gaɓoɓin yatsu banda babban yatsa, ka rubuta. Sannan ka tsuke hannun kamar mace zata zura awarwaro, babban yatsa ya shige ciki, ka sake aunawa ta inda ya fi faɗi. Awon farko na girman safa ne, na biyu na girman zobe ne, don hannun sai ya ratsa ta cikin zoben duk sanda zaka sa riga ko cirewa. Kuma ka auna hannun da kafi aiki dashi, yawanci ya ɗan fi ɗayan.

Na uku, kuma anan mutane ke juya abin, safar ciki ake fara saya kafin ta waje. Ulu, musamman wanda ake cewa merino, ko filis, ko mai Thinsulate. Auduga kuwa haramiyarka, ko kyauta aka baka. Hannu yana gumi ko a cikin sanyi, auduga ta shanye gumin ta riƙe, minti goma sai kaji kamar ka naɗe hannunka da jiƙaƙƙen tsumma, shi kuwa ulu ko ya ɗan jiƙe yana riƙe wani abu na ɗumi. Ka sayi kala biyu, siririya da mai kauri, ka samu zaɓi gwargwadon ruwan ranar, kuma ko wacce ka sayi biyu-biyu don ta nutson safe bata bushewa kafin na rana. Ka duba ɗinkin bakinta, in tana da zare-zare masu tashi ka ajiye ta, zan faɗa maka dalili a ƙasa.

Yanzu sai ta waje. Abin dariya shine yawancin safofin nan ba don nutso aka ƙera su ba, safar ma'aikatan kamun kifi ce da masu aikin sinadarai, masu nutso suka ga tana yi suka ɗauka. Shiyasa zakaji ana ta kiran Showa, kamfanin Japan ne. Showa 660 shuɗiya ce ta PVC, tana da ƙarfi, ƙarfen tsatsa baya saurin huda ta, amma a ruwa mai tsananin sanyi tana ɗan yin tauri. Showa 720 ta naitiril ce, ta fi siranta kuma yatsu sun fi jin abin da suka taɓa. Sai baƙar lateks, wadda tafi kowacce bin hannu, mai ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa zai so ta saboda ƙananan maɓallan kyamara, amma ita ce mai saurin huda kuma bata jure ajiya, sannan in jikinka baya shiri da lateks, ƙaiƙayi ko ƙuraje, to kar ma ka fara. Ni dai wanda zai fara ina ce masa ya ɗauki naitiril ko PVC. Akwai masu zuwa da ulu manne a ciki, bana son su, in suka jiƙe sai ka kwana biyu kana shanya.

Girman fa? Ka sa safar ciki mai kaurin nan, sannan ka gwada ta waje akai, yawanci zakaga ka ƙara lamba ɗaya akan wadda ka saba. Ka dunƙule hannu ka buɗe, in kaji tana jan bayan hannunka ko kan yatsu na tokare da roba ta matse, kuma matsattsiyar safa tafi rashin safa illa a wani fannin don tana danne ulun tana kuma rage gudun jini. In kuma robar ta yi saura a kan yatsu tana lilo, ita ce zata dinga maƙalewa a bakin kilif, wata rana ma ta tsage anan. Ɗan sarari kaɗan ake so, kamar kaurin farce. Mu masu gajerun yatsu da faɗin tafi mun sha wahala anan wlh, sai ka gwada kamfani biyu uku kafin ka dace.

Sai zobe, inda kuɗin yake. Safar kanta arha ce, zoben ne ke cin riyal, kuma in daga waje zaka yi oda ka lissafa da kuɗin kawowa da harajin nan na kashi 15. Tsarin dai ɗaya ne: zobe ɗaya a hannun riga, ɗaya a bakin safa, a haɗa su, wani siririn zoben roba da ake kira o-rin ya toshe tsakaninsu. Bambancin yana wajen yadda suke kamawa. Kubi na alminiyom ne, turawa kawai ake yi o-rin ya riƙe, kuma yana zuwa girma-girma, milimita 70, 80, 90 da 100, anan awonka na biyu zai yi aiki. Si Tech na Suwidin suna da kala-kala, cikinsu akwai Antares wanda ba da'ira bane, siffar ƙwai gareshi don ya bi wuyan hannu kar ya yi ƙato. Rolock murɗawa ake yi ya kulle. Waterproof suna da Ultima. DUI na Amurka kuma nasu daban ne, ZipSeal, safar a jikin rigar take maƙale tun kafin ka sa, wato da ita zaka ƙarasa shiri, ka ja zif da ita ka sa hula da ita. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa akan sil ɗin lateks ɗinka ba gam ba komai, ka cire sanda kaga dama, wannan yafi dacewa da mai gwaji. Akwai ma safar da bata da zobe sam, sil ɗinta ne a jikinta, arha, amma sa ta biyun da hannu ɗaya a cikin roba sai ka nemi taimako.

Ba zan ce maka wane ne yafi ba don kowa nashi yake yabo, abin da zan ce ka gwada abu uku in ka samu dama a shago ko a wajen wani ɗan kulob. Kana iya haɗawa kai kaɗai, har hannu na biyu? Kana iya cirewa kai kaɗai da hannu a sanyaye? Sannan in ka miƙa hannu baya wajen bawul ɗin tukunya zoben yana tokare ka? Sai na huɗu wanda ba gwaji bane, tambaya ce: me mutanen da zaka dinga nutso dasu suke amfani dashi. In duk kulob ɗin tsari ɗaya suke, sayi irin nasu kawai, ranar da o-rin ɗinka ya tsinke a bakin ruwa wani zai zaro nashi daga akwati ya miƙo maka. Kuma ka tuna zobe yana ƙara wa hannun riga tsawo da kauri, madaurin kwamfutar nutsonka ba lallai ya zagaya ba, canza shi da igiyar roba tun a gida.

Ɗaura safa a zobe aikin zama ne, ba a yinsa a kan jirgin ruwa. Ka sa rigar, ka sa safar ciki da ta waje, ka ga inda zoben ya kamata ya tsaya yadda in ka miƙe hannu gaba ɗaya robar bata ja, in ka lanƙwasa kuma bata taru ta yi buhu ba. Yi alama da biro. Ka zura, ka naɗe bakin yadda takardar kamfanin ta nuna, ka bi da yatsa ka baje duk wata tattara, don ko wace tattara hanyar ruwa ce. In zoben mai siffar ƙwai ne ko mai murɗawa ka lura da inda babban yatsa zai kalla bayan an kulle, in ba haka ba zaka ƙare da safa a karkace. Kar ka yanke ragowar robar sai kayi nutso biyu uku ka tabbatar, abin da aka yanke baya dawowa.

Toh ga babban abin da ba a faɗa wa sabon shiga: matsi. Kasan karatun, ko wace mita 10 matsi na ƙaruwa da bar ɗaya, ma'aunin matsi kenan, a mita 10 iska ta koma rabin girmanta, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku, a mita 30 ɗaya cikin huɗu. Rigarka kana ƙara mata iska da maɓallin ƙirji, amma safa in sil ya rufe wuyan hannu ruf to ta zama ɗaki daban, tana sauka tana tsukewa har ulun ya lafe ya zama kamar takarda, ɗumi ya tafi. Maganin shine ka buɗe 'yar hanya tsakanin riga da safa. Wasu na zura siririn tiyo na silikon a ƙarƙashin sil, rabi a ciki rabi a waje, wasu guntun igiyar roba, wasu kuma madaukin babban yatsa na rigar ciki suke bari ya ratsa. Ko wanne yayi. In kana sauka kaji ta fara kamawa sai ka ɗan ɗaga hannun sama da kafaɗa ka motsa yatsu, zakaji iska mai ɗumi ta hauro ciki, wlh daɗin wannan sai wanda ya ji. Wajen hawowa kuma akasin haka, iskar tana kumbura, ka sauke hannu ta koma riga ta fita ta bawul ɗin kafaɗa, kar ka bari safa ta zama balan-balan. Akwai masu cire sil ɗin gaba ɗaya don iska ta yi yawo yadda take so, yana da daɗi ba ƙarya, amma ranar da safa ta huje ruwa har hammata. Ni ina barin sil ɗina kuma haka nake ce wa kowa ya yi a farko.

Bari in baka labarin zaren nan. Nutsona na uku da busasshiyar safa, a wani tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika a Ingila, ruwan digiri 7, ina ta sauri don abokin nutsona ya riga ya shiga yana jira na. Na tura zoben hagu naji ya zauna, ban duba ba. Ashe wani zare guda ɗaya daga bakin safar ulun ya kwanta akan o-rin. Muna mita shida naji wani sanyi siriri kamar allura yana bin bayan hannuna, nace ai gumi ne, kafin mu kai mita goma sha biyu ulun ya jiƙe jagab, minti goma bayan nan na kai hannu zan buɗe kilif ɗin fitila yatsun suka ƙi, ina kallonsu ina basu umarni basa ji. Na yi wa abokina alama muka hau. A mota na zauna na cusa hannun a hammata, sanda jini ya fara dawowa zafin da naji har hawaye. Laifin kowa babu sai nawa. Tun ranar kafin in haɗa zobe sai na tura bakin ulun can ciki, na shafa yatsa akan o-rin na zagaye shi kaf, bayan na haɗa kuma in juya hannun in duba ko ina ya zauna daidai, in kuma ce wa abokina ya duba min. Gashi, yashi, zare, duk ɗaya ne. Kuma in ruwa ya shiga kar ka tsaya jarumta, nutson ya ƙare, ka hau a hankali yadda aka koya maka.

Gwaji kuwa tun anan Jidda zaka yi shi, ba sai ka sauka a can ba. Na farko ka hura iska a safar ka murɗe bakinta ka danna cikin bokitin ruwa, in kaga kumfa na fita akwai huda, sabuwa ma tana zuwa da ita wani lokacin. Na biyu ka sayo ƙanƙara a bakala ka juye a robar wanki ka ƙara ruwa, ka sa safar ciki da ta waje ka tsoma hannu minti goma, yara zasu taru suna maka dariya ka rabu dasu. Hannun na ciki ka gwada buɗe kilif da rufewa, ka ɗaure igiya ka kwance, ka tsinci riyal na ƙarfe daga ƙasan robar. In ka kasa a robar wanki to a teku ma ba zaka iya ba, canza girma ko ka rage kaurin ta ciki. Na uku ka shiga fulin ninkaya ko ruwa mara zurfi a Obhur da cikakken kaya da sassafe cikin Janairu, zaka yi gumi kam, amma gara ka koyi haɗa zobe da wasa da iska a inda kuskure jiƙa kawai zai jawo maka.

Ranar nutso ka yanke farce, ka cire zoben azurfa da agogo. In kayi alwala kafin ka shirya, wanda ya kamata don in ka shige rigar nan fita aiki ne, ka goge hannu ya bushe sarai kafin ka sa ulu, kuma ka ajiye hannun da ɗumi tun a bakin ruwa, wanda ya shiga da sanyayyen hannu ba safar da zata ɗumama shi. A akwatinka kar a rasa safar waje guda biyu na ko ta kwana, o-rin, ɗan man silikon na shafa masa kaɗan-kaɗan, da jiƙaƙƙiyar safa ta niyofirin ko da komai ya lalace.

Ajiya kuma ita ce matsalarmu mu 'yan nan. Zafi da rana suna cinye lateks, mai ma haka. Kar ka bar kayan a but ɗin mota a ranar Jidda ko na yini ɗaya, kar ka taɓa sil da hannun da ka shafa basilin ko man kare rana ko turaren oud ɗin nan namu mai maiƙo, zakaga robar ta fara danƙo tana narkewa. Wanke da ruwan daɗi, juya cikin waje, shanya a inuwa, barbaɗa wa lateks hoda mara ƙamshi, cire zobban daga juna kar o-rin ya kwana a matse, ka sa a leda a ɗaki mai esi.

Kai kuma ƙanina in ka fito daga ruwan Nowe hannu ya sandare, kar ka sake ka tara shi a ruwan zafi ko jikin hita, fatar bata ji a lokacin sai ka ƙone baka sani ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ko hammata, ko ka rungumi kofin shayi da tafi biyu. Kuma ka turo min awon hannun naka da hoton bakin hannun rigar kafin ka biya ko sisi.